Maho Mai Rai: Gwanintar Masu Ɗinke Jijiyar Jini

Kowane tela ya san maho. Idan riga ta yage ko wuta ta ci ta, sai ya nemo ƙyalle, sau da yawa daga jikin rigar, a wajen da ido ba ya kai wa, ƙasan aljihu ko cikin kalmasa, ya yanko ya toshe ɓarakar. Gwanin tela kuwa shi ne wanda zai yi maho ka juya rigar gaba da baya ka rasa inda ya taɓa. To akwai wasu masu allura da zare da ke yin irin wannan aiki a jikin ɗan Adam, a fuska da baki da maƙogwaro, bayan an yanke ƙari ko ciwon daji. Sai dai ƙyallen tela ba ya jin yunwa, nasu kuwa nama ne mai rai, wanda in jini ya yanke masa na 'yan sa'o'i zai mutu ya ruɓe. Gwanintarsu duka ta taru ne a kan abu guda: yadda za a ciro nama daga cinya, ko ƙashi daga ƙafa, a kai shi baki, ya ci gaba da rayuwa kamar a can aka halicce shi.

Abin da ya sa ake bukatar wannan aiki a fili yake. Likitan da ke cire ciwon daji ba ya tsayawa a bakin ciwon, dole ya haɗa da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, kimanin santimita 1 ta kowane gefe, don kada ya bar iri a baya. A wasu sassan jiki ana iya yanke abu mai yawa a ja sauran a haɗe. Fuska ba ta da wannan rara, komai na cikinta a gwade yake kuma yana da aikinsa. Harshe ke juya loma ya tura ta, shi ke rarrabe haruffa. Ganɗa ke raba baki da hanci. Muƙamuƙi ke riƙe da haƙora, kuma gabansa ne turken da harshe yake ɗaure a jiki. In aka cire shi aka bar wurin haka, haɓa ta shige ciki, yawu ya yi ta dalala, harshe ya koma baya har ya nemi toshe numfashi. Mutum ya rabu da ciwo, amma ba ya iya cin tuwo cikin iyalinsa, ba ya iya amsa sallama a ji shi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ina ga wanda aka ɗauke wa rabinta?

Sigmund Freud, shahararren masanin halayyar ɗan Adam na birnin Vienna, ya ɗanɗana wannan. A 1923 aka gano ciwon daji a ganɗarsa da muƙamuƙinsa na sama, bayan shekaru yana zuƙar sigari. Daga nan har rasuwarsa a 1939 an yi masa tiyata fiye da sau 30, kuma abin da likitocin zamaninsa suka iya ba shi shi ne wani ƙaton abin toshiya da ake cusawa a baki don ya raba shi da hanci. Sa shi wahala, cire shi wahala, magana da shi wahala, har shi da kansa ya laƙaba masa suna dodo.

Mai karatu zai ce, me zai hana a yanko fata kawai a manna? Ana yi, kuma shi ne dashen fata da ake yi wa masu ƙuna. Amma wannan fata siririya ce kamar takarda. A kwanaki biyu zuwa uku na farko tana rayuwa ne da tsotsar ruwan jikin da ke ƙarƙashinta, kafin sabbin jijiyoyi su tsiro su shige ta. Nama mai kauri ba ya iya jira haka, kafin jijiyoyi su kai tsakiyarsa ya riga ya mutu. Ga shi kuma baki wuri ne mai yawu da ƙwayoyin cuta, sannan da yawa daga masu ciwon dajin baki sai an yi musu gashi da na'ura bayan tiyata, shi kuwa gashin yana ƙone ƙananan jijiyoyin wurin. Saboda haka mahon da zai zauna a baki dole ya zo da jininsa.

Likitocin dā sun gane haka, sai suka ɓullo da dabarar barin gindi. A Indiya, tun ɗaruruwan shekaru, ana yanko fatar goshi a bar ƙarshenta a manne tsakanin gira, a juyo ta a gina hanci. A 1597 Gaspare Tagliacozzi na birnin Bologna a Italiya ya bayyana yadda yake ɗago fatar dantse ya ɗinka ta a hanci, ya ɗaure hannun a jikin kai na makonni har fatar ta kama, sannan ya yanke gindin. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Harold Gillies a Ingila yana naɗe fata kamar bututu, ya riƙa ciyar da ita gaba daga zango zuwa zango, tiyata bayan tiyata, wata da watanni kafin ta isa fuskar sojan da harsashi ya ɓata. A 1979 Stephen Ariyan a Amurka ya nuna yadda za a juyo tsokar ƙirji ta bi ƙarƙashin fatar wuya ta shiga baki, dabarar da har gobe ake amfani da ita. Duk waɗannan hanyoyi suna da iyaka guda, irin ta akuyar da ke ɗaure a turke, wadda ba ta wuce tsawon igiyarta. Wanda ke son ya tsinke igiyar sai ya iya sake ƙulla ta a wani wuri, wato sai ya iya ɗinke jijiyar jini.

Labarin wannan ɗinki ya faro ne daga kisan kai. A 1894 wani mutum ya daɓa wa shugaban Faransa Sadi Carnot wuƙa a birnin Lyon. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar da ke kai jini hanta, likitoci suna ji suna gani ya cika, don ba su iya ɗinke jijiyar ta ci gaba da aiki ba. Wani ɗalibin likita a garin, Alexis Carrel, ya riƙe abin a ransa. An ce har wajen wata gwanar aikin surfani ta Lyon ya je ya koyi sarrafa siririyar allura da zaren siliki. Dabarar da ya fito da ita mai sauƙin faɗa ce: a sa zare uku a bakin jijiyar a tazara daidai, a ja su, sai zagayen ya koma kusurwa uku mai miƙaƙƙun gefuna, a bi kowane gefe a ɗinke. Ta jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1912. Amma ƙananan jijiyoyi, masu faɗin ƙasa da milimita 3, sun ci gaba da gagara, har aka ɗauka hannun mutum ne ya gaza.

Ashe ido ne ya gaza. A 1960, a Jami'ar Vermont ta Amurka, Julius Jacobson da Ernesto Suarez suka aro madubin ƙara girma irin na likitocin kunne, suka ɗinke jijiyoyin da faɗinsu bai kai milimita 2 ba, jini ya wuce. A 1964 Harry Buncke na Kaliforniya, wanda ya mai da garejin gidansa ɗakin gwaji yana ƙera allurorinsa da hannunsa, ya mayar wa zomo kunnen da aka yanke masa, kunnen ya rayu. A 1973, a birnin Melbourne na Ostareliya, Rollin Daniel da Ian Taylor suka ciro fata da kitse daga matsematsin wani majinyaci, suka raba ta da jiki gaba ɗaya, suka kai ta ƙafarsa da ta ji rauni suka haɗa jijiyoyin. Daga nan jiki duka ya zama wurin yanko maho.

A yau wurare uku ne likitocin kai da wuya suka fi komawa gare su, kowanne da irin ɓarakar da ya dace da ita. Na farko fatar sangalin hannu ce, ta cikin, kusa da wuyan hannu. Yang Guofan da abokan aikinsa a birnin Shenyang na ƙasar Sin suka fara amfani da ita a ƙarshen shekarun 1970, suka wallafa a 1981, sannan David Soutar na Glasgow ya shigar da ita aikin cikin baki a 1983. Siririya ce mai laushi, tana naɗuwa, don haka ta dace da gyaran gefen harshe da cikin kunci. Kafin a taɓa ta akwai ɗan gwaji: likita ya danne jijiyoyi biyun da ke kai jini hannu, majinyaci ya dunƙule ya buɗe har tafin ya yi fari, sai a saki ɗaya. In jini ya dawo tafin cikin 'yan daƙiƙu, to wadda aka saki za ta iya riƙe hannun ita kaɗai, a ɗauki 'yar'uwarta.

Na biyu gefen cinya ne, wanda Song Yeguang na ƙasar Sin ya bayyana a 1984. Yana ba da fata mai faɗi, da kitse da tsoka in ana so, kuma galibi ana ja wurin a ɗinke, tabon ya ɓuya cikin wando. Wahalarsa ita ce jijiyoyin da ke ciyar da fatar kan ratso ta cikin tsoka, kuma hanyarsu takan bambanta daga mutum zuwa mutum, sai likita ya bi su a hankali yana tsefe tsokar. Fu-Chan Wei na asibitin Chang Gung a Taiwan, ƙasar da tauna ɗan itacen betel ya yawaita ciwon dajin baki, shi ya horar da duniya kan wannan wuri, inda a 2002 ya ba da rahoton aiki 672.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki. A gefen ƙwauri akwai wani siririn ƙashi da likitoci ke kira fibula, wanda ɗan kaɗan yake ɗauka na nauyin jiki. Ana iya ciro har kusan santimita 25 daga tsakiyarsa, a bar kamar santimita 6 a sama da ƙasa don gwiwa da idon sawu, mutum ya warke ya ci gaba da tafiyarsa. Ian Taylor ya fara dasa shi da jijiyarsa a 1975, David Hidalgo na New York kuma ya mai da shi muƙamuƙi a 1989. To amma ƙashin miƙaƙƙe ne, muƙamuƙi kuwa lanƙwasasshe. Sai a yayyanka shi gida biyu ko uku, ana cire 'yan tsinke a mahaɗa don ya tanƙwaru, ba tare da an taɓa jijiyar da ke kwance a jikinsa tana ciyar da kowane gunduwa ba, sannan a ɗaure su da faranti da ƙusoshin ƙarfen titaniyam. A manyan asibitoci yanzu ana ɗaukar hoton ƙashin, a tsara yankan a kwamfuta, a buga ma'aunin da za a ɗora wa zarto tun kafin ranar aiki. Da yake ƙashin mai rai ne, yana haɗewa da sauran muƙamuƙin kamar yadda karaya ke haɗewa, yana jure gashi, har ana dasa masa haƙora.

Ranar tiyata, aikin yakan ci sa'a 8 zuwa 12, kuma galibi ayari biyu ke yi a lokaci ɗaya. Na wajen kai suna cire ciwon da kaluluwar wuya, suna tone jijiyoyin da za a jona a kansu. Na wajen ƙafa suna ɗago mahon, amma ba za su yanke jijiyarsa ba sai an ce musu wuri ya shirya, domin daga lokacin da aka datse ta agogo ya fara ƙirga. Jijiyoyi biyu ake tahowa da su aƙalla, mai kai jini da mai kwashe shi.

Nan ne ake janyo madubin. Likita da mataimakinsa su zauna suna fuskantar juna, kowa idonsa a kan gilashi, hannuwa a kafe a kan abin dogaro, yatsu kawai ke motsi. Jijiyar da za a ɗinke kaurinta kamar tsinken ashana ne, milimita 2 zuwa 3, wani lokaci ƙasa da haka. Zaren nailan ne wanda silin gashin kai ya fi shi kauri, in ya faɗi ƙasa ba mai sake ganinsa. Allurar lanƙwasasshiya ce kamar gashin ido. A matse bakin jijiyoyin biyu da wasu 'yan ƙarafa masu kama da abin matse shanya, a kusanto da su, a share yanar da ke bayansu don kada ta leƙa ciki, a wanke cikinsu da ruwan gishiri mai maganin hana jini daskarewa. Sannan a fara ɗinki, ƙulli takwas zuwa goma a kewaye, kowanne sai ya huda bangon gaba ɗaya.

Abin da ke sa aikin ya zama na gwanaye shi ne halin jini. Cikin jijiya santsi ne da shi, kuma muddin jini yana gudu a kan wannan santsi ba ya daskarewa. Da zarar ya ci karo da ƙuje, ko ɗan zaren nama da ya kutso, ko baki da ya naɗe, sai ya ɗauka rauni ne ya fara tara guda don ya toshe. Saboda haka likita ba ya kama cikin jijiya da matsefata. Dole santsi ya sadu da santsi. In ya ja zare da ƙarfi bango ya yage, in ya sassauta jini ya tsiyaye, in kuwa allurarsa ta haɗa da bangon baya ya ɗinke hanyar da hannunsa. Akwai kuma yadda jijiyar za ta kwanta a wuya: kada ta murɗe, kada ta lanƙwashe, kada ta yi tsayi ko ta gaza idan majinyaci ya juya kai. Wajen mai kwashe jini, da yawa yanzu suna amfani da wasu 'yan zobba biyu masu ƙayoyi, a kifa bakin kowace jijiya a kan nata a haɗe su, abin da ke rage lokaci sosai. Sai a saki ƙarafan. Naman da ya yi fari fat, ya yi sanyi, sai ya fara ɗaukar launi daga gindi zuwa baki, gefunansa su fara tsattsafo da jan jini. A duk faɗin tiyata, nan ne ake murnar ganin jini.

A manyan cibiyoyi, fiye da 95 cikin 100 na irin wannan maho suna rayuwa. Amma wannan adadi ba na likita ba ne shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancin toshewa na faruwa ne a kwana biyu zuwa uku na farko, shi ya sa ma'aikatan jinya ke duba mahon kowace sa'a, dare da rana. Su haska fitila, su taɓa su ji ɗuminsa, su danna su ga saurin dawowar jini, su ɗora na'urar Doppler su saurari bugun. A jikin baƙar fata launi ba ya saurin nuna matsala, don haka akan ɗan soka allura: jan jini a hankali lafiya ke nan, baƙin jini da sauri alamar mai kwashewa ta toshe, rashin jini kuwa mai kawowa ce ta tsaya. Mai kwashewa ta fi yawan toshewa, sai mahon ya kumbura ya yi duhu, kamar soron da indararonsa ya cushe ana tsaka da ruwa. In an gano da wuri aka koma ɗakin tiyata nan take, akan ceci da yawa. In kuma cunkoson na ƙananan jijiyoyi ne da allura ba ta kai wa, sai a koma ga tsohuwar zuma: matsattsaku. Ana kiwonsa musamman don asibiti, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004. Ya tsotse jinin da ya taru, yawunsa kuma ya hana wurin daskarewa na sa'o'i, ana ba majinyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda waɗanda ke cikin matsattsakun.

Wannan hannu ba a haihuwar mutum da shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai koyo yakan fara da ɗinke yankakkiyar safar roba a ƙarƙashin madubi, inda zai ga yatsunsa da yake zaton a natse suke suna rawa kamar ganye. Daga nan ya koma jijiyar cinyar kaza, sannan ta ɓera mai rai, wadda faɗinta kamar milimita 1 ne, inda jini da kansa zai gaya masa ko ɗinkin ya yi. Robert Acland, ɗan Ingila da ya koyar a Louisville ta Amurka, ya ƙera da yawa daga kayan aikin da ake riƙewa yau, kuma darussansa sun fara ne daga yadda ake zama a kujera da yadda ake ajiye hannu. Duk wannan bayan mutum ya gama shekarun zama likitan tiyata ne. Abin da ya fi wuya a koya kuwa shi ne, bayan sa'a 10 a tsaye, mutum ya dubi ɗinkin da ya yi, zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya warware ya sake.

Gaskiya dai, maho maho ne. Fatar cinya ko ta shekara a baki tana nan da halinta na cinya, har takan tsiro da gashi sai an bi da shi. Sabon harshe ba ya jin ɗanɗano, ba ya motsi da kansa, ragowar tsohon ne ke jan sa, kuma sai an yi watanni ana koya wa mutum haɗiya da magana. Amma ya cike gurbi, ya raba baki da wuya, rauni ya warke da wuri har a fara gashi cikin makonni shida kamar yadda ake so. Sannan akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba: likitan da ya san za a iya toshe kowace irin ɓaraka ba ya tsoron yanke ciwon har inda ya kamata.

Mu ma a nan muna da ruwa da tsaki a wannan fanni. Ƙarin muƙamuƙin nan da likitoci ke kira amelobulastoma, wanda ba kasafai yake yaɗuwa a jiki ba amma yake cinye ƙashi sannu a hankali, sananne ne a asibitocin koyarwa na Najeriya, kuma sau da yawa ba a kawo shi sai ya yi girman da dole a cire rabin muƙamuƙi. Ga cutar noma mai zaizaye fuskar yara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. A asibitin yara masu noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, likitocin da suka zo daga Jamus sun yi irin wannan dashe mai jijiya tun farkon shekarun 2000, abin da ya nuna aikin yana yiwuwa a ƙasarmu. Abin da yake bukata sananne ne: madubi, zare, jini a ajiye, wutar da ba ta ɗaukewa, ɗakin tiyata da za a iya buɗewa da tsakar dare, da ma'aikatan jinya isassu.

Jama'ar da ta iya zama wata guda a kan hula ɗaya tana ƙirga zare ba za ta rasa yaran da za su iya wannan ɗinki ba, in an ba su horo da kayan aiki, kuma wannan nauyi ne a wuyan gwamnatoci da masu hannu da shuni. Kai kuma mai karatu, naka ya fi sauƙi. Gyambon baki ko na harshe da ya wuce mako uku bai warke ba, kumburin muƙamuƙi ko da ba ya zafi, ƙullutu a wuya, dushewar murya da ta ƙi tafiya, duk a kai su asibiti tun suna ƙanana. Komai gwanintar mai maho, ƙaramar ɓaraka ta fi sauƙin ɗinki.